Tsintsiyar Damagaram a Garkar Minguettes

Ko da tsufa zai ɗebe mini abubuwa da yawa na zamana a Faransa, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a garkar unguwarmu ba. Ranar na tsaya gaban jama'a cikin shaddata mafi kyau, da farantin fanke a hannu, ina murmushi kamar wadda aka kira a ba kyauta. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya fi ni iya ba da wannan labari. Yakan miƙe tsaye ya kwaikwayi yadda na shigo garkar, yana ɗaga kai yana gyara gyale. Yanzu da ba ya nan, sai ku yi haƙuri da nawa bakin.

Ni 'yar Damagaram ce, haihuwar unguwar Birni. Babana maɗinki ne, ba mu taɓa mallakar gona ba, ko tukunyar albasa ba a taɓa shukawa a gidanmu ba. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, Faransancin da na fito da shi na gaisuwa ne da sayen burodi. Abin da na iya, wanda har maƙwabta ke misali da ni a kansa, shi ne shara. Innata ba ta yarda a share tsakar gida haka kawai. Sai an sunkuya, a ja tsintsiya dama a ja hagu, a bar wa ƙasa zane layi-layi kamar kitso. Ganye ɗaya in ya kwana a tsakar gida, a wurinta abin faɗa ne. Da zan taho, ita da kanta ta naɗe mini tsintsiyar kaba cikin zane ta tura ƙasan akwati, ta ce ba ta san irin ƙazantar da zan tarar ba.

Malam (haka nake kiransa, haka kuma zan kira shi a nan) mutumin Mirriya ne, ɗan masu garka tun kakanni. Karatu ya kawo shi Lyon, da ya gama ya samu aikin gwajin ruwan sha. Da ya ga tsintsiyar nan cikin kayana, ya daɗe yana juya ta a hannu, sannan ya ce, "'Yar Birni, jirgin sama na biya wa wannan?" Sunan da yake kirana ke nan, 'Yar Birni, don tsokana, wai mu ba mu san inda abinci ke fitowa ba sai dai mu gan shi a kasuwa.

Da na sauka Paris, kwanakin farko mun yi su a Aubervilliers, gidan amininsa Dokta Bitrus. Shi mutumin Zariya ne, Turanci yake koyarwa a wata makaranta. Mutum ne mai kirki da barkwanci, sai dai yana da ciwo guda: ba a furta kalma a gabansa ya bar ta ta wuce ba tare da ya faɗi uwarta da ubanta ba. Ka ce masa "miƙo mini cokali", sai shayinka ya huce kana jin tarihin cokali. Tun ranar farko ya raɗa mini Amarya, bai kuma sauya ba har yau da nake da furfura.

Daga nan muka wuce Lyon, unguwar Minguettes, can saman wani dogon bene. Babu tsakar gida, babu ƙofar gida, babu ko bishiyar da za ta zubo mini ganye in share. Kafin bayana ya gaji da sunkuyo ɗakin ya ƙare. Sanyi ne kuma lokacin, ba na fita. Ina zaune da tsintsiya kamar mahauci ranar da ba a yi yanka ba.

A gindin benayen akwai wani fili da aka kewaye da waya, an yanka shi fage-fage, mutanen unguwa suna shuka kayan miya. Mu garka muke ce masa. Shugabar wurin wata tsohuwar Baturiya ce, Madam Odile, gajera mai babbar murya. Malam ya daɗe yana jiran a ba shi fage. Abin da ya samu wani ɗan siririn gefe ne na gwaji, da alkawarin in sanyi ya wuce masu garka za su zauna su duba ko ya cancanci cikakken fage. Yana da irin yakuwa da kuɓewa da tattasai da babansa ya ba shi da hannunsa, a ƙulle cikin tsumma, yana ajiye da su cikin kwabad kamar zinariya. Wani lokaci in gan shi ya fito da su, ya duba, ya mayar. Ban taɓa ganin yana son wani abu na duniya kamar fagen nan ba.

Da sanyi ya fara sassautawa, wurin aikinsu suka tura shi Paris wani ɗan horo. Da zai tafi ya ciro makullin garka ya ba ni.

"Ki riƙa leƙa garka, ki sha iska," ya ce. "Asabar akwai taro, ranar za a yanke maganar fagena. Daga tasha zan wuce can kai tsaye, tare da Dokta. In da hali ki yi mana fanke, tsofaffin nan suna son kayan zaƙi."

"To. Akwai abin da zan yi a can?"

"Babu. Sai dai akwai wani keji na katako bayan rumfar kayan aiki. Wannan a wuyana yake, ni aka damƙa wa."

Iyakar bayanin da ya yi mini ke nan. A ganinsa kowane ɗan Adam ya san sauran.

Washegari na ɗauki makulli na sauka. Ina shiga na tarar da Madam Odile. Ta gane ni, ta rungume ni, ta kama hannuna ta ja ni har bayan rumfa. Ga keji nan, tsayinsa ya kai ƙirjina, an rufe samansa da tampol. Ta ɗaga gefen tampol ɗin.

Jama'a, abin da na gani juji ne. Ganye ne ya ruɓe ya yi baƙi ƙirin, ya jiƙe, ya danƙare, ga tana tana ta shige da fice a ciki. Tsohuwar nan ta tura hannunta tsirara har wuyan hannu, ta damƙo, ta kai hanci, ta rufe ido, ta girgiza kai. Sannan ta buɗe baki da Faransanci kamar an kunna rediyo. Cikin ruwan maganar nan abu uku na tsinta: mijinki, shekara biyu, Asabar. Ta sake nuna tarin, ta sake ambaton sunan Malam, ta sake girgiza kai.

Ni kuwa na haɗa lissafina tsaf. Mijinki aka ba tsabtar wurin nan, shekara biyu ke nan bai kwashe ba, Asabar kowa zai gani. (Ku tuna, a garinmu in tsohuwa ta kama hannun amarya ta kai ta gaban tarin shara ta girgiza kai, ba yabo take yi ba.) Kunya ta kama ni a madadinsa. Na ce a raina, haka namiji yake in ya daɗe ba mace a gida. Kuma yaya za a ba mutum babban fage alhali ƙaramin kejin da aka ba shi ya mai da shi bola? Na dubi Madam Odile na yi mata alkawarin Asabar, na ce, "Oui, madame. Samedi." Ta shafa kumatuna da hannun nan nata mai baƙar ƙasa. Na daure ban goge ba sai da ta juya.

Allah ya taimake ni, ko kuma in ce ya bar ni da dabarata, aka yi ta yayyafi duk makon, ba mai zuwa garka. Kullum da safe in ɗaura ɗankwali, in ɗauki ɗan keken jan kaya da nake zuwa kasuwa da shi, in sauka. Da buhunan shinkafa na fara, da suka ƙare na koma manyan baƙaƙen ledoji. In cika, in ɗaure baki, in ja har ɗakin pubel, wato manyan kwandunan shara, da ke ƙarƙashin benenmu, in dawo. Abin da nauyi, kamar ana ɗaukar yashi jiƙaƙƙe. Tanar nan kuwa, in ta taɓa mini yatsa sai na yi a'uziyya. Wani abu da zan faɗa don gaskiya: tarin nan ba ya wari. Ƙamshin ƙasa yake yi, irin na ranar da aka yi ruwan farko. Hancina ya gaya mini, idona ya ƙaryata shi, na bi ido.

Cikin kwanakin na lura gardin benenmu, wato mai gadi, wani dogo mai gashin baki, yana tsaye a ƙofar shiga yana ta faɗa da duk wanda ya wuce, yana nuna ƙasa yana riƙe ƙugu. Na gaishe shi da ladabi na wuce, har ina tausaya masa. Na ce mutanen benen nan ba su da kirki, ko wa ya ɓata wa bawan Allah rai?

Malam ya kira daga gidan Dokta, muka gaisa a gurguje.

"Kina leƙa garkar?"

"Kullum. Na ma yi maka wani abu, sai ka zo ka gani."

"Allah ya sa ba labulen falo kika sauya ba."

"Ya fi labule."

Na ji muryar Dokta daga nesa yana cewa a gaya wa Amarya fanken ya ji sukari, kada a yi masa rowar mutanen Nijar.

Ranar Juma'a na kai ƙasan kejin. Na wanke katakan da sabulu. Na hau sama na ɗauko tsintsiyar Inna, wadda tun zuwana ba ta taɓa ƙasa ta gaskiya ba, na sunkuya na yi shara irin ta gidanmu, dama da hagu, layi na bin layi. Da na miƙe na duba, har ƙwalla ta zo mini, don na ga tsakar gidanmu. Ban tsaya nan ba. Na kawo kasko da garwashi na turara wurin da turaren wuta na kayan aurena. Sannan na mai da tampol, wanda shi ma na wanke, na ɗaure kowace kusurwa da igiya, ƙulli kan ƙulli, don kada iska ta lalata mini aiki.

Asabar gari ya waye tas, rana ta fito. Na yi fanke, na sa shadda, na sauka. Ina shiga na ga garka cike da mutane: Larabawa, Turawa, 'yan Afirka, tsofaffi da matasa, kowa da bokiti, wasu da shebur, wasu da baro. Na ce a raina, wato gayya suka haɗa su kwashe sharar a gaban idonsa don su kunyata shi. To kun makara. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina miƙa fanke, ina kallon bokitansu da tausayi.

Can sai ga Malam da Dokta, da jakunkunansu na tafiya. Muka gaisa. Malam ya dube ni ya ce, "Wannan kwalliya haka, garka kika zo ko suna?" Na ce ya dai jira.

Madam Odile ta tafa hannu, kowa ya nufi bayan rumfa aka kewaye kejin. Ta yi magana, aka tafa wa Malam. Na ɗan yi mamaki, amma na ce ko ba'a ce irin tasu. Sai ta gabatar da baƙo daga Paris, ta ce ko zai ce wani abu. Dokta ba ya buƙatar a tambaye shi sau biyu. Ya gyara tabarau ya shiga lacca da Faransanci, yana nuna kejin, yana haɗa yatsu biyu yana rabawa. Mutane suna gyaɗa kai. Da ya gama aka tafa, ni ma na ajiye faranti na tafa, har na fi kowa.

Madam Odile ta yi wa Malam alama ya buɗe. Ya durƙusa kan ƙullin farko, ya tarar da shi tamau. Yana fama da shi, Dokta ya matso kusa da ni ya ɗauki fanke.

"Amarya, na ga kin tafa da ƙarfi. Kin ji abin da na ce?"

"Na ji daɗin muryar dai, Dokta."

"To bari in ba ki da Hausa, kada a bar ki a baya. Ce musu na yi, abin nan da ke cikin kejin, Turawan Ingila suna da suna mai kyau da suke kiransa. Lif-mold. Kalma biyu ce aka ɗaura wa aure. Ta farko ganye. Ta biyu kuwa, mutane da yawa suna zaton fumfunar da ke fitowa a jikin burodi ce. A'a. Wata tsohuwar kalma ce dabam, ma'anarta ƙasa mai laushi. Ƙasar da ake nomawa, har ma ƙasar da ake rufe mutum da ita. Kin ga ke nan, ganyen da ya koma ƙasa."

"Har suna suka ba shara?" na ce.

"Shara?" Ya yi dariya har fanke ya kusa shaƙe shi. "Amarya, taki ne. Takin da ba a samun irinsa a kanti. Duk mutanen nan da kike gani, su suka tara ganyen da hannunsu, mijinki kuma shekara biyu yana juya shi, yana ba shi ruwa, yana lallashinsa kamar jariri. Tsohuwar ta ce ba su taɓa samun mai kyan na bana ba. Yau za a raba wa kowa. Ba ki ga bokitai ba?"

Na ga bokitai.

Na dubi Malam. Ya kwance ƙulli ɗaya, ya koma na gaba, yana murmushi yana cewa ko wane ne ya ɗaure wannan ba ya son a buɗe. Ina so in kira shi, bakina ya ƙi. Ina so in gudu, ƙofar garka tana bayan mutum sama da ashirin masu shebur. Ban taɓa yin nadamar iya ɗaure igiya ba sai ranar, don kowane ƙulli ƙara mini lokacin tunani yake yi. Dokta kuwa bai lura ba, ya wuce kan yadda Jamusawa ke kiran abin.

Aka yaye tampol.

Abin da ya fara fitowa ƙamshin turaren wuta ne. Mutanen gaba suka leƙa. Na baya suka ɗaga ƙafa suka leƙa ta kafaɗunsu. Keji fes, katako na sheƙi, ƙasa a share layi-layi. Wani tsoho Balarabe ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji kamar an wuce da gawa. Madam Odile ta kifa bokitinta ta zauna a kai. Wani ya ce ɓarayi ne, wata ta amsa masa da wata magana, daga baya Malam ya fassara mini: wai wane irin ɓarawo ne zai sace taki ya tsaya ya sa turare?

Malam ya sunkuya kan kejin. Ya daɗe yana duban zanen tsintsiyar nan. A duk faɗin Minguettes mutum ɗaya ne ke shara haka, kuma shi ya biya mata kuɗin jirgi ita da tsintsiyar. Ya ɗago a hankali.

"'Yar Birni," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wannan ne ya fi labule?"

Na gyaɗa kai. Na so ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna ƙasar ma ni na kwashe ta.

"Duka?"

"Duka, Malam. Na zaci juji ne suke yi maka gori a kansa."

Dokta ya dubi fanken da ke hannunsa, ya dube ni. Tun da na san shi, ranar ce kawai na ga ya rasa kalma.

Abin da Malam ya yi a nan shi ne abin da na fi riƙewa cikin labarin. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya juya ga jama'a ya yi musu bayani. Ban ji duka ba, amma na ga yana nuna ƙirjinsa, ba ni ba. Ya ce laifinsa ne, ya ba matarsa makulli bai ba ta labari ba. Ya ce a garinmu mace ba ta ganin ruɓaɓɓen ganye a wurin da aka damƙa wa mijinta ta wuce, don mutuncinsa ta yi. Ya ce in sun ga bai cancanci fage ba, ba zai ji haushin kowa ba. Ni kuwa na san tsumman irin nan da ke cikin kwabad.

Madam Odile ta ɗago daga kan bokiti ta yi mini tambaya guda, a hankali yadda zan gane: ina na kai shi?

"Pubel," na ce, na nuna benenmu.

Ban san tsohuwa na iya sauri haka ba. Ta miƙe ta yi gaba, masu baro suka bi ta, masu bokiti suka bi masu baro, ni a tsakiya cikin shadda kamar an kamo ɓarauniya ranar sallah. Mutane suna leƙowa ta tagogi. Muka tarar da gardi a ƙofa. Da ya ji abin da muke nema, ya buɗe ɗakin pubel ya kunna fitila. Ga ledojina nan jibge a jikin bango har kusan rufi. Ashe na farkon ne kawai motar shara ta ɗauka. Da ma'aikatan suka ji nauyi suka ƙi taɓa sauran, suka bar wa gardi, shi ya yi ta fito da su daga pubel ɗaya-ɗaya har ƙugunsa ya riƙe. Duk makon nan neman mai wannan aiki yake yi. Da aka nuna masa ni, wadda ke gaishe shi kullum da fara'a, sai ya koma ya jingina da bango.

Wajen rabi aka samu. Aka loda a baro aka koma garka. Madam Odile ta kwance leda ɗaya, ta tura hannu, ta sunsuna, ta rufe ido, ta girgiza kai, daidai yadda ta yi mini ranar farko. Sai yanzu na gane abin da girgizar ke nufi. Daga nan ta fara dariya, tana yi tana share ido da bayan hannu. Ta ce tun da aka kafa garkar ba a taɓa raba taki a ƙulle cikin leda kamar kayan kanti ba sai bana. Dariyar ta bi kowa. Tsohon nan ya mai da hularsa. Aka aika wa gardi sauran fanken.

Da aka natsu aka zauna maganar fage. Ba a daɗe ba. Madam Odile ta ce an ba Malam cikakken fage, amma bana ba shi da rabon taki, kuma akwai sharaɗi: in lokacin zubar ganye ya zo, matarsa da tsintsiyarta su ne za su jagoranci tara ganye. Ta ce wadda ta iya kwashe wannan tari ita kaɗai cikin ruwan sama, ba za a bar ƙarfinta ya tafi a banza ba, juya mata hanya kawai za a yi.

Duk wannan Malam bai yi dariya ba ko sau ɗaya, don kada ya ƙara mini. Sai da muka shiga asansar, na'urar da ke hawa da mutane saman bene, mu uku, ƙofa ta rufe, sannan ya zame ya zauna a kan jakarsa yana riƙe ciki.

"Turare," yake cewa. "Har da turare."

Da ya samu numfashi ya ce, "Ke ba ki taɓa ganin jakunan ƙauye suna zuwa Birni kwasar juji ba? Ina kike zaton suke kai shi?"

Na ce, "Ni na zaci taimakonmu suke yi."

Dokta ya ce a tsayar da asansar zai sauka, ba zai iya ba.

Da ganye ya fara zuba a shekarar, na fito da tsintsiyar Inna. Na share gindin manyan itatuwan unguwa, mutanen garka na biye da ni da buhuna, muka cika kejin har ya yi tozo. Na aika wa Inna labari cewa yanzu shara nake tarawa in ajiye, ta ce a tambayi Malam ko lafiyata ƙalau. Yakuwa ta yi kyau a fagen. Kuɓewa ce ta riƙa yi mana yanga, wata shekara ta ba mu, wata ta hana. Mun ci miyar fagen nan shekaru masu yawa, yaranmu sun yi rarrafe a gefensa.

Rashin lafiyar Malam ba ta daɗe ba. Ba zan yi dogon bayani a kanta ba. Bayan rasuwarsa na kai wa Madam Odile makullin kejin, don tun bayan aika-aikata aka sa masa kwaɗo, lokacin ta tsufa ƙwarai, da sanda take tafiya. Ta mai da shi cikin tafina ta rufe yatsuna a kai. Yana wurina har yau. Ni ke juya tarin, ni ke ba shi ruwa, tana kuma ta daina ba ni tsoro. Wani lokaci in na tura hannu na ji laushin ƙasar, maganar Dokta takan dawo mini, ganyen da ya koma ƙasa, sai in yi wa Malam addu'a in ci gaba da aiki.

Duk shekara in lokacin rabon taki ya kusa, Dokta yakan kira daga Paris. Ba ya tsayawa doguwar gaisuwa. "Amarya, yana nan ko an share?" In ce masa yana nan, ya zo ya yi mana lacca.

Abin da na koya bai da yawa. In na ga abu ya ruɓe a wurin mutane, nakan tambayi mai shi kafin in ɗauko tsintsiya. In sabuwar mace ta shigo garka kuma na kai ta gaban kejin, ba na rufe ido, ba na girgiza kai. Nakan yi mata bayani da duk yaren da ya samu, sannan in tabbata makullin yana cikin jakata.